Ruham ɗaya, biya biyu: abin da ya faru a kicin ɗin autar Gwaggo

Tun da abin nan ya faru, wato dutsen saman kicin ɗin autar Gwaggo ya tsage, kowa a dangi da nasa bayanin. Wasu sun ce mu'allim, wato mai aikin dutsen, ne ya cuce mu ya kawo jabun kaya, wasu sun ce baki ne, wai ranar jere mata sun yi ta yaba kicin ɗin babu mai cewa masha Allah, ita kuwa Gwaggo har yau cewa take kuɗinta ne ba su yi sa'a ba. Ni da nake tsaye a wurin tun daga awo har gyara na ga gara in zauna in rubuta shi yadda ya faru, don gaskiya ba jabu ba ne, lokacin da muka ɗaura shi ne ya kashe mu, kuma ni ma da nawa laifin a ciki, zan faɗa in mun zo wurin.

Aikina tashtib ne, ƙarasa gini ke nan, ruwa da wuta da fenti, a Jidda nake zaune. Ni ba mai yanka dutse ba ne amma kicin ɗin da aka ɗaura a gabana ba su ƙirguwa. Ga 'yan uwa na gida Najeriya da Nijar, mu nan duk abin da aka shimfiɗa a saman kabad ɗin kicin ruham muke ce masa ko da ba ruham ba ne. Akwai ruham na asali, wato mabul, mai laushi, wanda tsami ke ci. Akwai garanet, dutse mai tauri, shi har a nan ƙasar ana haƙo shi a wajen Najran da Ranya. Akwai kwatz, wanda ba daga dutse aka yanko shi ba, garin dutse ne kusan kashi 90 cikin ɗari aka kwaɓa da wani gam irin na roba aka matse. Sai sina'i, shi roba ce aka haɗa da garin ma'adini. Ku riƙe zancen gam ɗin nan na cikin kwatz, don a kansa labarin yake.

Gidan a Makka yake, can wajen Shara Mansur, mulhag ne, wato ɗakunan da ake ƙarawa a saman rufin bene. Ango ne ya kama haya, kuma kamar yadda aka saba a nan, kicin ɗin bango huɗu ne da famfo kawai, mai haya shi zai sa kabad. Mu kuwa a al'adarmu kicin na dangin amarya ne, sai Gwaggo ta ce ita za ta yi wa autarta komai. Aka zaɓi kabad na alminiyam saboda gara da ruwa, wannan dabara ce mai kyau ban da ja. Saman kuma amarya ta gani a waya ta ce fari tas take so, kwatz, kauri santi 2, don an ce mata shi ba ya shan manja. Siffar kicin ɗin kwana ce, dogon ɓangaren mita 3 mai ramin butagas, wato murhun gas, gajeren bai kai mita 2 ba, shi ke ɗauke da majla, wurin wanke-wanke, irin wanda ake maƙalawa ta ƙarƙashin dutse. Taga ɗaya, tana kallon yamma. Sama kuma babu kowa sai rana.

A Sha'aban aka yi awo, shekarar 2024 ke nan, wajen ƙarshen Fabrairu, gari lafiya lau. Da a lokacin aka gama komai da ban rubuta wannan ba. To kabad ɗin bai iso ba, ni ne na ce wa mu'allim kada mu ɓata lokaci, ya auna daga bango zuwa bango kawai. Kuskure na farko ke nan kuma nawa ne. Ba a awon ruham sai kabad ya zauna daram an daidaita shi, don bangon gini ba ya taɓa miƙewa yadda ido yake gani.

Azumi ya shigo, aiki ya koma na dare, mai kabad ya ja mu har bayan sallah. Kafin ya gama an shiga ƙarshen Shawwal, kuma duk wanda ke nan ya san me wannan ke nufi, an rufe shiga Makka ga mai igamar (katin zaman ƙasa) wani gari sai da tasrihi, wato takardar izini, saboda Hajji. Warshar, wato shagon yankan dutsen, a Jidda take, yaran mu'allim ba su da takardar da za ta wuce da su shingen bincike na Shumaisi, babban mai haɗa musu gaɓa kuma ba musulmi ba ne, shi ko ba Hajji ba ya shiga Makka. Shikenan aka ce sai bayan Hajji. Hajjin 2024 kuwa kowa ya tuna, ita ce wadda zafi ya kai digiri 51.8 a Harami a watan Yuni. Aka sa biki a Safar, Agusta ke nan, aka yi ta yau da gobe har ya rage kwana biyar a yi jere.

Mu'allim ya kira Gwaggo a gabana, wannan zan yi masa shaida. Ya ce ya hajja, mulhag ɗin nan ba a haɗa mukayyif, wato AC, ba, a bari a haɗa, ko kuma mu zo bayan isha'i mu kwana muna aiki. Ta juyo ta ce min, kai ɗan nan, gaya masa biki ba ya jira, kuma maƙwabta ba za su yarda da ƙarar inji da dare ba. Na ce Gwaggo ki yi haƙuri ko kwana biyu ne. Ta ce kwana biyun a aljihunka suke? Na yi shiru. Kuskure na biyu, shi ma da hannuna a ciki.

Ranar aikin sun baro Jidda a makare, dutse a bayan buɗaɗɗiyar dina, wato motar kaya, ba ko tamfol, suka iso ana shirin kiran azahar. Dogon ɓangaren ba ya shiga asansir, wato lif, ba ya juyawa a matakala, dole sai da winshi ta waje. Ga kuma dokar hana aiki a rana, wadda ake yi duk shekara daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana, mai winshi ya ce shi ba zai ja wa kansa tara ba, kuma gaskiyarsa. Haka dutsen nan ya kwanta a bakin titi yana shan rana awa uku cur. Da aka hau da shi na ɗora tafin hannu na janye ba shiri, kamar ka taɓa bayan tanda. Ɗakin shi ma tanda ne, rufi ya sha rana tun safe, tagar yamma ta fara zubo tata.

Sai aka aza, ya ƙi shiga. Bango ya ɗan shigo ciki ta kusurwa, ga shi ramin butagas ya matse da 'yan milimita. Yaro ya ciro saruk, giranda ke nan, ya hau yanka a cikin ɗaki a bushe ba ruwa, ƙura ta turnuƙe fari fat. Bari in ɗan ratse a nan, ƙurar kwatz ba ƙurar wasa ba ce, tana taruwa a huhu ta daskarar da shi kuma ba ta da magani, saboda ita ne Ostireliya ta haramta aiki da irin wannan dutsen gaba ɗaya daga 1 ga Yulin 2024. Yaron nan ƙyalle kawai ya ɗaura a hanci. Duk mai wannan sana'a cikin 'yan uwanmu don Allah ya yanka da ruwa. To wajen faɗaɗa ramin ne ya mayar da kusurwa ɗaya mai kaifi kamar ta akwati, alhali daga warsha a zagaye ta zo. Ba don ado ake zagaye kusurwar rami ba, duk wani nauyi ko motsi a kusurwa mai kaifi yake taruwa, daga nan tsaga ke farawa, kamar yadda yadi ke yagewa daga inda almakashi ya ɗan ciza.

Aka zo haɗa gaɓa, inda dogo da gajere suka haɗu. Gam ɗin dutse biyu ne ake kwaɓawa, shi kansa da ɗan maganin da ke sa shi ya kama, kuma zafi ne ke tura shi, a ƙiyasin masu aikin duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin da kake da shi da kusan rabi. A gari mai daɗi kana da 'yan mintoci ka shafa, ka matse, ka daidaita fuska biyun har su zama ɗaya. Ranar nan kwaɓin farko a kan cokalin ya daskare. Na biyu aka shafa da gudu a kan baki mai zafi mai ƙura, kafin a gama daidaitawa ya kama, ɓangare ɗaya ya ɗan fi ɗaya tudu, ido ba ya gani amma farce yana ji. Silikon shi ma kafin a bi shi da yatsa ya yi fata. Ƙasan kicin a nan kuma ana yinsa da ɗan gangare zuwa magudana, kabad ɗin ya bi gangaren, maimakon a kwance ƙafafunsa a daidaita da mizani sai aka cusa guntayen kwali a ƙarƙashin dutse. Magariba ta yi, kowa ya jiƙe sharkaf, aka goge aka ɗauki hoto, wallahi ya yi kyau a hoto.

Kashegari aka haɗa mukayyif, irin mai ƙarfin nan, aka ƙure shi don fenti ya daina wari. A nan lissafin yake. Komai in ya yi zafi yana miƙewa, in ya huce ya koma, amma kwatz saboda gam ɗin da ke jikinsa ya fi garanet motsi nesa ba kusa ba. Mita 3 na kwatz in ya sauko da digiri 30 zai iya komawa da wajen mili 2, wato milimita 2, garanet mai tsawon nan bai kai mili 1 ba. Mu mun manne shi yana a miƙe iya miƙewarsa, sai sanyi ya ja shi baya, gaɓar da dama gam ɗinta bai kama da kyau ba ita ta biya. Ranar jere akwai tsaga siririya kamar gashi, babu wanda ya kula.

Majla kuwa silikon kaɗai ke riƙe da ita, ba ƙarfe ba katako a ƙasa. Silikon daga waje yake bushewa ya shiga ciki, mili 2 zuwa 3 a kwana, mai kauri yana son kwanaki. Mu'allim ya ce kada a taɓa ruwa sai bayan kwana biyu, amma wa zai gaya wa matan biki haka? Aka cika ta da ruwa da tukwane aka jiƙa shinkafa. Ba ta faɗo ba, ta dai ɗan sauka ta gefe ɗaya, ruwa ya samu hanya.

Wata biyu bayan biki amarya ta turo min hoto ta ce Yaya dubi. Gaɓar ta zama baƙin layi, manja da zoɓo da ruwan kurkum sun shige sun zauna. Ƙanwar mijinta garin taimako ta zuba ruwan wanke banɗaki mai asid, da bai fita ba ta bi da bilic mai kauri ta bar shi ya kwana, wurin ya dushe, ƙyallin ya tafi. Allah ma ya tsare ba ta haɗa su lokaci guda ba, don asid da bilic in sun gamu iskar da suke fitarwa guba ce. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan, an guji dutse mai shan mai an samu layi mai shan komai. Abin da ya ƙarasa shi kuma tukunyar tuwo ce, aka sauke ta daga wuta aka dire a kan dutse mai sanyin mukayyif dab da butagas, ta ce ji ta yi ƙas, tsaga ta taso daga kusurwar nan da yaro ya yanka ta tafi har baki. Daga baya na gano har ɗan turmin daka tafarnuwa a wurin ake ɗorawa, daidai inda kwali ya lotse ƙasan ya zama rami.

Aka zauna a gidan Kawu da mu'allim. Hayaniya ta so ta tashi, Gwaggo na cewa jabu, shi yana rantsuwa yana nuna takardar kamfani, kamfanin kuma ba ya ɗaukar asarar zafi ko ta kuskuren ɗauri. Kawu ya tambaye ni, kai da kake wurin me ka gani? Na faɗi nawa na faɗi na kowa. Mu'allim ya amsa kusurwa da kwali da majla nasa ne, Gwaggo ta yi shiru can ta ce to ai ni ban san dutse ma yana jin zafi ba. Aka yanke shi zai yi aikin hannu da ɗauko kaya kyauta, Gwaggo ta sayi sabon dutse, ni na ɗauki winshi da gyaran kabad. Sharaɗina ɗaya ne, ba za a taɓa komai ba sai sanyi ya shigo.

Sanyin Makka dai sunan sanyi ne, a Janairu rana wajen 30 take, dare ya sauko kusa da 20, amma ga gam da silikon wannan shi ne daidai. Abin dubawa a lokacin ruwan sama ne, don daga Nuwamba zuwa Janairu ne yake zuwa mana kuma ba ya sallama, wanda ya ga na 24 ga Nuwamban 2022 a Jidda, mili 179 cikin awa shida, ba sai an yi masa bayani ba. Ranar farko da muka sa ma hadari ya sa muka ɗaga, don garanet in ya jiƙe yana riƙe danshi, ba a manna shi ba a shafa masa magani sai ya bushe sarai.

Wannan karon garanet ɗin Najran aka ɗauka, mai ruwan ƙasa mai duhu, amarya ta ɗan ɓata rai amma ta haƙura. Na fara kwance kabad na daidaita ƙafafu da mizani ɗaya bayan ɗaya. Mu'allim ya zo da siraran falanki ya fitar da siffar wurin a kan kabad ɗin kansa, ya tafi da ita warsha, duk yanka da huda a can aka yi da ruwa, kusurwoyi a zagaye. Aka kawo dutse bayan isha'i a rufe, ya kwana biyu a cikin kicin ɗin da mukayyif a yadda masu gida ke barinsa kullum, don ya saba da ɗakin da zai zauna. Aka bar tazarar mili 3 tsakaninsa da bango ta kowane gefe aka cike da silikon, ba irin mai warin kal, wato binega, ba, wancan mai asid ne yana iya ɓata gefen dutse, akwai marar wari da aka yi don dutse. Majla aka sa mata ƙarafa biyu a ƙasa. Na kashe ruwan kicin daga mahbas, wato makullin ruwan, na cire hannun na sa a aljihu na koma Jidda da shi, sai bayan kwana biyu na dawo. Gwaggo ta ce wannan kuma rashin kunya ne, na ce na yarda.

Na san ba kowa zai iya jiran Disamba ba, biki da haya ba sa duba kalanda. In dole ne a yi a zafi, a haɗa mukayyif tukuna ya yi kwana yana aiki, a ɗauko dutse da dare ko da asuba a rufe, a bar shi ya huce ko kwana ɗaya ne, a kwaɓa gam kaɗan-kaɗan. Mutanen Jidda ku naku daban ne, zafinku bai kai na Makka ba amma ga rutuba, wato danshin iska, Agusta da Satumba in dutse ya yi sanyi aka buɗe ƙofa nan take zai yi gumi kamar kwalbar ruwa daga firij, gam kuwa ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, kuma in kabad na katakon gari ne kumbura yake. Daga Maris zuwa Mayu kuma ƙura ce, ranar da aka tashi da ita a rufe taga ko a ɗaga aikin. Sannan mutanen Makka ku ƙirga da Hajji tun kafin ku ba da arbun, wato kafin alƙalami, in warsha ba ta cikin gari.

Kulawa kuwa ta danganta da abin da aka shimfiɗa maka, kuma girkinmu ba ya raga wa ko ɗaya. Mai ruham na asali, tsamiya da lemun tsami da zoɓo da tumatir da nono duk abokan gabarsa ne, ɗigo ɗaya in ya jima sai ya bar tabo mai dishi, wannan ba datti ba ne, fuskar ce ta ciwu, sai mai jali ya zo ya goge da inji. Mai kwatz ya ji tsoron tukunya da rana, farin yana komawa rawaya a inda rana ke duka kullum, a sa labule, musamman masu kulle gida su tafi Kano ko Ɗa'if hutun bazara su kashe mukayyif. Mai garanet shi da mai ne, don yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, shi ya sa ake shafa masa maganin toshewa. Gwajin ba wuya, zuba ruwa cokali ɗaya ka bari minti 10 zuwa 15 ka goge, in wurin ya yi duhu to yana sha, lokacin sake shafawa ya yi. Kada a shafa a kan dutse mai zafi, bushewa yake kafin ya shiga ya bar hazo a sama. In manja ya riga ya shige, a kwaɓa bekin soda, wadda a kanti ake ce wa bikarbonat, da ruwa ta yi kauri kamar kunu mai kauri, a lafta a wurin, a rufe da leda a manne gefe, a bari kwana ɗaya ko biyu ta bushe ta zuƙo man, wani lokaci sai an maimaita. Wankin kullum sabulun kwano da ruwa da tsumma mai laushi sun isa, a bi da busasshe don kada ruwa ya bar farin zane. Turmi kuma wurinsa ƙasa, kamar yadda iyayenmu suke yi.

Bazarar da ta biyo baya na je gidan da kaina a tsakiyar Agusta, na bi gaɓar da farce ban ji komai ba, na leƙa ƙarƙashin majla a bushe. Na yi gwajin ruwa, kusa da butagas ne kawai ya ɗan yi duhu, muka bari sai dare na sake shafa magani a wurin. Guntun farin kwatz ɗin da ya rage Gwaggo ta hana a zubar, ta sa an kai mata shi saman rufin gidanta tana shanya kuɓewa a kai, yanzu ya koma kalar man shanu.